Tambaya da Amsa: Tauhidin Baƙaƙen Fata da Tauhidin Mata, Ina Matsayinsu a Bangaskiyar Kirista?

TAMBAYA: Malam, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni ɗaliba ce a makarantar tauhidi, kuma a wannan zangon karatu an gabatar mana da abin da ake kira tauhidin baƙaƙen fata da kuma tauhidin mata. Ajinmu ya rabu gida biyu. Wasu sun ce siyasa ce tsagwaronta aka kawo cikin addini, bai kamata Kirista ya ko saurara ba, wasu kuma sun ce wannan ita ce ainihin bisharar da aka daɗe ana dannewa. Ni dai da na ɗan karanta, wani sashe ya taɓa mini zuciya, wani kuma ya tsorata ni. Shin mutum zai iya riƙe waɗannan koyarwa ya kuma tabbata cikin bangaskiyar Kirista?
Daga wata ɗaliba.

AMSA: 'Yar'uwa, na gode da wasiƙarki, Ubangiji ya ƙara miki fahimi. Abubuwa biyun da kika ji a ranki, taɓuwar zuciya da tsoro, kowannensu yana da dalili, kuma a ganina ɓangarorin ajinku duka sun yi gaggawar yanke hukunci. Waɗannan koyarwa suna karanta Littafi Mai Tsarki ne ta fuskar zaluncin da aka yi wa baƙaƙen fata da mata. Kukan da ya haife su kuka ne na gaskiya, daga cikin ikkilisiya ya fito, kuma babu Kiristan da yake da iznin toshe kunnensa. Amsoshin da malamansu suka bayar kuwa ba ɗaya suke ba: akwai waɗanda suka mayar da mu ga Littafi Mai Tsarki, akwai kuma waɗanda suka ɗaga wahalar ɗan Adam har ta zama alƙali a kan Littafin da kuma Almasihu kansa.

Sai an san abin da aka yi wa mutanen nan da sunan Yesu kafin a fahimci zafin maganarsu. A shekarar 1807 aka buga wani littafi a Landan domin bayin da ke tsibiran Karibiyan ƙarƙashin mulkin Ingila, aka ce zaɓaɓɓun sassa ne na Littafi Mai Tsarki. An cire labarin yadda Allah ya fitar da Isra'ilawa daga bautar Masar, an cire Galatiyawa 3:28 inda Bulus ya ce cikin Almasihu babu bawa babu ɗa, amma an bar Afisawa 6:5 mai umartar bayi su yi biyayya ga iyayengijinsu. Howard Thurman, malamin tauhidi baƙar fata ɗan Amurka, ya ba da labari a littafinsa na 1949 cewa kakarsa, wadda aka haifa cikin bauta kuma ba ta iya karatu ba, takan sa shi ya karanta mata Zabura da Ishaya da Bishara, amma ba ta yarda ya karanta mata wasiƙun Bulus, sai 1 Korantiyawa 13 jefi-jefi. Da ya girma ya tambaye ta dalili, sai ta ce mai wa'azin da ubangidansu yake kawo musu ayar biyayya ga iyayengiji yake ta maimaitawa, har ta yi wa kanta alkawari cewa in ta sami 'yanci ba za ta ƙara sauraron wannan sashe ba. Tsohuwar nan ba ta bar Yesu ba, ta dai gane cewa wanda ake yi mata wa'azinsa da wanda take kira cikin addu'a ba su yi kama ba. Haka Richard Allen da abokansa suka fice daga wata majami'ar Metodis a Filadelfiya bayan an ɗaga wasunsu daga durƙuso ana tsakiyar addu'a saboda sun zauna a inda aka keɓe wa farare, kuma daga ficewar nan aka kafa ikkilisiyar AME, wato ikkilisiyar Metodis ta baƙaƙen fatar Amurka, a 1816.

James Cone, wanda ake ɗauka uban tauhidin baƙaƙen fata, ɗan wannan ikkilisiya ne, a garin Bearden na jihar Arkansas ya tashi. Ya yi digirinsa na uku a kan koyarwar Karl Barth, shahararren malamin tauhidi ɗan Switzerland, sai ya tarar cewa duk ilimin da ya haddace bai ce uffan ba game da bom ɗin da ya kashe 'yan mata 4 a wata majami'ar baƙaƙen fata a Birmingham ta Amurka a 1963, ko tarzomar Detroit ta 1967, ko kisan Martin Luther King a 1968. A wancan lokaci matasa baƙaƙe da yawa sun karkata ga maganar Malcolm X cewa Kiristanci addinin farar fata ne. Littafin Cone na farko, wanda ya fito a 1969, da na biyu a 1970, amsa ce ga waɗannan matasa: yana gaya musu cewa Allahn Littafi Mai Tsarki shi ne wanda ya ce ya ga wahalar mutanensa a Masar, ya kuma ji kukansu (Fitowa 3:7), kuma Yesu ya buɗe hidimarsa a Nazarat da shelar bishara ga matalauta da saki ga ɗaurarru (Luka 4:18). Wannan batu masu suka sukan manta da shi: mutumin yana ƙoƙarin riƙe jama'arsa cikin bangaskiya ne a lokacin da suke da kowane dalili na barinta.

Inda na fi ganin ƙarfin Cone shi ne littafinsa na 2011, wanda ya haɗa gicciye da itacen da ake rataye baƙaƙe a kai. Tsakanin 1877 da 1950 an kashe baƙaƙen fata fiye da 4,000 a Amurka ta hanyar kisan taron dangi ba tare da shari'a ba, sau da yawa a gaban jama'a, har ana ɗaukar hoto ana sayarwa, kuma mafi yawan masu kallon 'yan majami'a ne. Cone ya tambaya yadda aka yi malaman tauhidi irin su Reinhold Niebuhr suka yi ta rubutu mai zurfi a kan gicciye, amma ba su ga kamanninsa a jikin mutumin da aka rataye a ƙasarsu ba, alhali manzanni da kansu sun ce an kashe Yesu ta wurin rataye shi a kan itace (Ayyukan Manzanni 5:30). Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. Wanda aka zalunta yakan ga abin da ke rubuce a fili cikin nassi, wanda mai jin daɗi ya karanta sau ɗari ya wuce. A wannan ma'ana ce Cone ya ce Allah baƙi ne, wato ya tsaya tare da wanda aka wulaƙanta, kamar yadda Yesu ya ce abin da aka yi wa mafi ƙanƙanta cikin 'yan'uwansa shi aka yi wa (Matiyu 25:40). Ban ga saɓo a nan ba.

To amma akwai inda nake ja da baya. A littafinsa na 1970 Cone ya rubuta cewa in Allah ba ya tare da baƙaƙe yana gāba da farare, to, gara a kawar da irin wannan Allah. Na san daga ciwo maganar ta fito, kuma na san yana nufin gunkin da masu wariya suka ƙera suka kira Allah. Duk da haka, in aka bi ta har ƙarshe, bukatar jama'a ɗaya ce ta zama ma'aunin da ake auna Allah da shi, kuma wannan shi ne ainihin laifin masu bayi, waɗanda suka yanke Littafin daidai da bukatarsu. Haka nan in aka raba duniya gida biyu, azzalumai da waɗanda ake zalunta, aka ɗora zunubi duka a ɓangare ɗaya, an rasa abin da Romawa 3:23 ke faɗa cewa kowa ya yi zunubi, kuma tarihi cike yake da waɗanda aka zalunta jiya suka zama azzalumai yau. Ba farare ne kaɗai suka ga wannan rauni ba. J. Deotis Roberts, shi ma baƙar fata, ya rubuta a 1971 cewa 'yanci da sulhu ba sa rabuwa cikin bishara. Byang Kato, wanda ya taɓa riƙe muƙamin babban sakataren ikkilisiyar ECWA, ya kuma rasu a 1975, ya yi gargaɗi cewa kada abin da wata al'umma ta ɗanɗana ya maye gurbin Maganar Allah. John Mbiti na Kenya ya ce a 1974 wannan tauhidi daga ciwon Amurka ya fito, ba zai zama tauhidin Afirka ba, sai Desmond Tutu ya amsa masa cewa ga baƙar fatar Afirka ta Kudu biyun 'yan'uwan juna ne.

A Afirka ta Kudun ne ma aka ga abin da nake ɗauka mafi kyawun 'ya'yan wannan tafiya. A 1982, a taron ikkilisiyoyin Reformed na duniya da aka yi a Ottawa, inda aka zaɓi Allan Boesak shugaba, aka ayyana cewa kare wariyar launin fata da nassi karkatacciyar koyarwa ce. A shekarar nan kuma aka tsara Shaidar Bangaskiya ta Belhar, wadda aka amince da ita a 1986. Ki lura da hanyar da suka bi: da haɗin kan jikin Almasihu, da sulhun da ya yi, da adalcin Allah suka kafa hujja, wato da tsohuwar bangaskiyar da masu wariyar suke ikirarin riƙewa aka kayar da su.

Tauhidin mata ma da irin wannan tambaya ya fara, sai dai hanyoyinsa sun fi rarrabuwa. A 1960 wata ɗaliba mai suna Valerie Saiving ta wallafa wata maƙala da har yau ake karantawa. Ta lura cewa manyan malamai, waɗanda duk maza ne, sun bayyana tushen zunubi a matsayin girman kai, maganinsa kuma ƙasƙantar da kai da sadaukarwa. Ta ce wannan ya dace da jarabar mai iko, amma mace da yawa jarabarta ita ce raina kanta, binne baiwar da Allah ya ba ta, da barin wasu su yi mata tunani. In aka yi wa irin wannan mace wa'azin ƙasƙantar da kai kullum, an ƙara mata ciwon ne. Duk mai kiwon ikkilisiya da ya taɓa zama da matar da ake duka a gida, wadda ta gaskata cewa haƙuri da dukan shi ne ɗaukar gicciyenta, ya san cewa Saiving ta taɓo gaskiya. Ba ta soke koyarwar zunubi ba, ta nuna cewa bawan da ya binne talantinsa don tsoro (Matiyu 25:25) shi ma mai laifi ne.

Wasu kuma nassi suka koma suka tono abin da aka yi watsi da shi. Phyllis Trible, a 1984, ta tsaya a kan labarai huɗu da ba a cika wa'azi a kansu ba: Hajaratu, Tamar 'yar Dawuda, ƙwarƙwarar Balawen nan ta Littafin Mahukunta sura 19, da 'yar Yefta. Elisabeth Schüssler Fiorenza, a 1983, ta tuna mana da matar da ta shafa wa Yesu mai, wadda ya ce za a riƙa faɗar abin da ta yi duk inda aka yi bishara domin tunawa da ita (Markus 14:9), amma ko sunanta ba mu riƙe ba. Ki buɗe Romawa 16 ki ƙirga matan da Bulus ya ambata, tun daga Fibi mai hidima a ikkilisiyar Kankiriya, ki kuma tuna cewa Maryamu Magadaliya aka fara aika da labarin tashin Ubangiji. Duk wannan yana cikin Littafin tun asali.

Rabuwar ta zo ne a kan tambayar wa ke da magana ta ƙarshe. Mary Daly ta rubuta a 1973 cewa in Allah namiji ne, to, namiji ya zama Allah, ta kuma yanke cewa Kiristanci ba ya gyaruwa, ta fita daga cikinsa ta faɗa a fili. Game da ita babu abin muhawara, domin ita da kanta ta ce ba ta ciki. Rosemary Radford Ruether ta zauna cikin ikkilisiyar Katolika har ƙarshen ranta, amma a littafinta na 1983 ta kafa ƙa'ida cewa duk abin da ya tauye cikakken mutuncin mace ba daga Allah yake ba. Rabin ƙa'idar gaskiya ce, tun da Farawa 1:27 ta ce namiji da mace aka halitta cikin kamannin Allah. Matsalar ita ce wa zai faɗi mene ne cikakken mutunci. In mai karatu ne zai faɗa, sa'an nan ya tace nassi da abin da ya faɗa, to, nassi ba zai ƙara iya tsawata masa ba, kuma Littafin da ba ya iya tsawata mini ba zai iya tsawata wa wanda yake zaluntata ba.

Mata baƙaƙen fata ne suka kawo tambaya mafi nauyi, domin sun ga cewa tauhidin baƙaƙe maza ne ke maganarsa, tauhidin mata kuma farare ne. Cone da kansa ya amsa a bugun 1986 na littafinsa cewa ya makance ga zaluncin da ake yi wa mata. Jacquelyn Grant ta yi rubutu a kan haka a 1989, Mercy Amba Oduyoye 'yar Ghana kuma ta tara mata malaman tauhidi na Afirka a Accra a shekarar nan suka kafa ƙungiyarsu. Delores Williams ce, a 1993, ta ɗauki labarin Hajaratu ta ce ga hoton mace baƙa: baiwa 'yar Masar, wadda aka ba wa maigida ta haihu a madadin uwargida, sa'an nan aka kore ta da ɗanta zuwa jeji. Williams ta lura cewa Allah bai 'yantar da Hajaratu kamar yadda ya 'yantar da Isra'ila ba, har ma mala'ika ya ce ta koma wurin Saratu (Farawa 16:9), amma ya gan ta, ya ji kukan yaron, ya buɗe idonta ta ga rijiya (Farawa 21:19). Wannan karatu ne mai gaskiya, kuma ya gyara Cone, domin ba kowane mai wahala ne yake ƙetare Bahar Maliya a wannan rai ba, wani ruwan sha ake ba shi a jeji ya rayu.

Daga nan sai Williams ta ɗauki matakin da ba zan bi ta ba. Ta ce tun da an tilasta wa mata baƙaƙe ɗaukar nauyin wasu, suna shayar da 'ya'yan wasu, suna haihuwa don ribar wasu, to, koyarwar cewa Yesu ya mutu a madadinmu tana tsarkake irin wannan zalunci, saboda haka a rayuwarsa da hidimarsa ceto yake, ba a jininsa ba. Ina jin nauyin dalilinta, amma a nan an taɓa zuciyar bishara, wadda Bulus ya taƙaita da cewa Almasihu ya mutu domin zunubanmu bisa ga Littattafai (1 Korantiyawa 15:3). Hajaratu ba a tambaye ta ba, Yesu kuwa ya ce ba mai karɓe ransa daga gare shi, shi ne yake ba da shi don kansa (Yahaya 10:18). Wanda ya hau gicciye Allah ne da kansa cikin jiki, ba wani bawa ya tura ba. Littafin Ibraniyawa kuma ya nanata cewa hadayar sau ɗaya tak aka miƙa ta, ba ta da maimaici, don haka duk wanda ya ce wa matar da ake duka ta zauna ta zama hadaya ya yi wa gicciye ƙarya. Maganin muguwar fassarar gicciye shi ne a yi wa'azinsa daidai. Ya kamata ki sani cewa mata baƙaƙe da dama masu tauhidi, irin su JoAnne Marie Terrell, ba su yarda a bar gicciyen ba, kuma kakanninsu, waɗanda suka rera waƙoƙin ibada a zamanin bauta, a kan mutuwar Yesu suka fi jingina.

Batun naɗa mata firistoci ko fastoci kuwa kada ki haɗa shi da wannan. Cocin Ingila ta fara naɗa mata a 1994, a shekarar nan kuma Paparoma John Paul na Biyu ya ce ikkilisiyar Katolika ba ta da ikon yin haka, kuma masu bishara sun rabu a kan fassarar 1 Timoti 2:12. Muhawara ce mai muhimmanci, amma masu yinta duka suna iya furta Shaidar Bangaskiya ta Manzanni tare.

Saboda haka amsata ita ce e, mutum zai iya koyo da yawa daga waɗannan malamai ya kuma tabbata cikin bangaskiya, muddin yana tambayar kowane marubuci ko har yanzu Yesu Ubangiji ne da ya mutu ya tashi, ko kuwa ya zama alama kawai ta gwagwarmayar jama'arsa, da kuma ko marubucin yana barin nassi ya tsawata wa nasa ɓangaren. 'Yan ajinku masu cewa siyasa ce kuma, ki roƙe su su fara karanta Amos sura 5 da labarin Tamar, su ga ko annabawa sun ɗauki zalunci a matsayin abin da ke wajen addini.

TAMBAYA: Malam, na ji an ce wasu masu tauhidin mata suna kiran Allah Uwa cikin addu'a. Shin wannan ya halatta?
Daga wani mai karatu.

AMSA: Ɗan'uwa, Allah Ruhu ne (Yahaya 4:24), ba namiji ba ne, ba mace ba ce, kuma wannan koyarwar ikkilisiya ce tun da daɗewa. Littafi Mai Tsarki da kansa ya kwatanta ƙaunarsa da ta uwa: a Ishaya 66:13 ya ce zai ta'azantar da mutanensa kamar yadda uwa take ta'azantar da ɗanta, a Ishaya 49:15 ya ce ko mai shayarwa ta manta da jaririnta shi ba zai manta ba, Yesu kuma ya kwatanta kansa da kaza mai tattara 'yan tsakinta (Matiyu 23:37). Wa'azi a kan waɗannan ayoyi ya halatta, har ma an yi sakaci da shi, musamman ga wanda kalmar uba take tuna masa da azaba.

Amma kwatanci daban, suna daban. Uba shi ne sunan da Yesu ya kira Allah da shi, shi ya koya mana cikin addu'a, kuma yana bayyana dangantakar da ke tsakanin Uba da Ɗa tun fil azal, wadda aka shigar da mu cikinta ta wurin alheri. Shi ya sa ban yarda a sauya shi cikin Addu'ar Ubangiji ko cikin baftisma ba. Wasu sun gwada yin baftisma da sunan Mahalicci da Mai Fansa da Mai Tsarkakewa domin kauce wa kalmar Uba da Ɗa, sai fadar Vatican ta yanke a 2008 cewa irin wannan baftisma ba ta inganta ba, dole a yi wa mutumin ta daidai. Dalilin kuwa shi ne waɗannan kalmomi ayyukan Allah suke faɗa, ayyukan da Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki suke yi tare, ba sa nuna wane ne wane cikin Triniti, kuma kalmomin da aka umarce mu da su suna nan a Matiyu 28:19.